Yadda Za Ka Auna Tazarar Sama Tsakanin Garuruwa Biyu Da Wayarka

Darasinmu na yau kan tazarar sama ne, wato nisan gari da gari a miƙe, ba tare da bin kwanar titi ba.

Matakai a Google Maps

1. Buɗe manhajar, ka danna kan garin da za ka fara, misali Gummi, ka riƙe har jar alama ta fito.
2. Jawo bayanin da ke ƙasa zuwa sama, ka zaɓi "Measure distance".
3. Ja taswirar har da'irar da ke tsakiya ta hau kan Anka. Adadin kilomita zai fito a ƙasa.
4. In kana so ka ratsa ta Bukkuyum, tsaya a kanta ka danna "Add point", sannan ka wuce.

Daga ina wayar ke samo lissafin?

Kowane wuri yana da lambobi biyu. Latitud na nuna nisansa daga Ikweta, layin da ya raba duniya biyu, longitud kuma na nuna matsayinsa gabas ko yamma. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne a ko'ina. Na longitud kuwa raguwa yake yi in ana nausawa arewa ko kudu, domin duniya a mulmule take.

Anka da Bukkuyum da Gummi duk suna kusa da digiri 12 arewa, kusan a jere. A nan digiri ɗaya na longitud kimanin kilomita 109 ne. Gummi tana wajen digiri 5.1 gabas, Anka wajen 5.9. Bambancin 0.8 ne, sau 109, ka samu kimanin kilomita 87.

Yanzu mu gwada a ƙuryar arewacin duniya. Longyearbyen, garin ƙanƙara na ƙasar Norway, yana digiri 78 arewa. A can digirin longitud kilomita 23 ne kacal, don haka wannan 0.8 ɗin bai kai kilomita 19 ba. Daga garin zuwa ƙauyen Hallstatt na Ostiriya, a tsakiyar Turai, tafiyar kusan kudu ce sak: bambancin latitud ya kusa digiri 31, wato kimanin kilomita 3,400.

Kada ido ya yaudare ka

Taswirar wayarka ta samo asali ne daga tsarin Gerardus Mercator na 1569, wanda ke kumbura ƙasashen arewa. Shi ya sa Greenland ke kama da girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Ka dogara da awo, ba da gani ba.

Gargaɗi ga matafiyi

Mota ba ta tashi sama. Titi yana kewaye tudu da rafi yana neman gada, saboda haka ya fi tazarar sama tsawo. Wanda ya sayi mai ko ya tsara lokacin tashi da kilomita 87, mai zai iya ƙare masa ko dare ya riske shi a hanya, abin da ba wanda ke so a yankinmu yanzu. Don tafiyar mota ko babur, danna "Directions", ka kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.