Dutsen Bilal da Bindigar Radha

A hutun azumin da ya wuce na kalli fina-finai biyu tare da kakata, kuma har yau muna gardama a kansu.

Na farko shi ne The Message, wanda Mustafa Akkad ya fitar a 1976, aka ɗauke shi a Maroko da Libiya. Ba a nuna fuskar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma ji muryarsa ba. Wahalar sahabbai aka nuna. Da aka kwantar da Bilal a rana, aka aza masa ƙaton dutse a ƙirji don ya bar addini, yana ta cewa "Ahad, Ahad", sai Kaka ta rufe fuska da mayafi. Da aka zo kisan Sumayya kuwa, tashi ta yi ta bar ɗakin.

Na biyu shi ne Mother India na 1957, wanda ta ce tun tana amarya ake ba da labarinsa a Kano. Radha, watau Nargis, ta sha wuya iyakar wuya. Bashin rupi 500 da surukarta ta ci wurin Sukhilala ya cinye amfanin gonarsu, dutse ya murƙushe hannuwan mijinta ya gudu don kunya, ambaliya ta tafi da gida. Duk da yunwar 'ya'yanta ta ƙi sayar da mutuncinta. A ƙarshe ɗanta Birju ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta, Radha ta ɗauki bindiga ta harbe shi. Malaminmu na tarihi ya ce sunan Radha da na ɗanta Ramu daga addinin Hindu aka ɗauko su, ba da ka aka sa su ba.

To, a nan muka rabu. Kaka ta ce haƙurin duk ɗaya ne, har ta kawo misalin Annabi Ibrahim da ɗansa. Na ce, "Kaka, ki gafarce ni, ai shi umurni aka yi masa, kuma aka fanshi yaron da rago." Bilal jikinsa ya bayar. Radha ran wani ta ɗauka, ko da yake ita ta haife shi, kuma mugun da ya jefa su cikin wannan hali ya shekara da shekaru yana cin gonarsu, dattawan ƙauye suna kallo. Abin da ke damuna ke nan: fim ya sa muka yi ta kuka saboda haƙurinta, har muka manta da tambayar wanda ya ƙyale azzalumin.

Kaka ta dube ni, ta ce ban taɓa haihuwa ba, shi ya sa nake ganin harsashin nan Birju kaɗai ya samu. Na rasa amsa. Ta ce in na dawo hutu na gaba za mu sake kallonsa.