Nazari a Kan Ƙa'idojin Aiki da Kariya a Jirgin Ɗaukar Marasa Lafiya Mai Saukar Ungulu

1.0 Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ma'aikatan jirgin sama mai saukar ungulu na ɗaukar marasa lafiya suke gudanar da aikinsu, da ƙa'idojin da suke bi domin su je lafiya su dawo lafiya. Na ɗauki yawancin misalaina daga Amurka, domin a can ne wannan aiki ya fi yawa, kuma hukumomin ƙasar suna buga rahoton binciken haɗurran da aka yi. Mai karatu zai ga cewa babban makamin waɗannan ma'aikata shi ne bakinsu: su faɗi abin da suka gani a kan lokaci, kuma su iya cewa a'a idan tafiya ba ta yiwuwa. Wannan ne ya sa batun ya shafe mu masu nazarin harshe.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An fara amfani da jirgi mai saukar ungulu sosai wajen kwashe sojojin da suka ji rauni a yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953. Daga nan aikin ya shigo cikin farar hula. A 1970 aka ƙaddamar da jirgin ceto mai suna Christoph 1 a birnin Munik na Jamus, a shekarar ce kuma 'yan sandan jihar Maryland ta Amurka suka fara ɗaukar waɗanda suka yi haɗarin mota zuwa asibiti ta sama. A 1972 wani asibiti a birnin Denver ya mallaki irin wannan tsari nasa na kansa, Landan kuma ta sami nata a 1989.

Amfanin jirgin a bayyane yake. Yana sauka a inda babu filin jirgi, yana kuma tsallake cunkoson hanya. Amma abin da ya ba shi amfani shi ne ya sa aikin yake da haɗari: tashi cikin gaggawa, sau da yawa da dare, ƙasa-ƙasa, zuwa wurin da matuƙi bai taɓa sauka ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta bayyana cewa mutum 29 ne suka mutu a haɗurran irin waɗannan jirage a shekarar 2008 kaɗai. A 2014 hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, wato FAA, ta fitar da sababbin dokoki masu tsauri a kan aikin.

3.0 Kafin Tashi: Shawarar Zuwa ko Ƙin Zuwa

A Amurka yawanci mutum uku ne a cikin jirgin: matuƙi, da ma'aikacin jinya, da ma'aikacin agajin gaggawa. A Jamus akan sa likita a cikinsu. Idan kira ya zo, abu na farko shi ne matuƙi ya auna haɗarin tafiyar. Dokar 2014 ta wajabta masa cike takardar auna haɗari kafin ya tashi. A ciki zai duba yanayin sama, da tuddai da dogayen gine-ginen da ke kan hanya, da yawan mai, da gajiyar ma'aikata, da kuma ko wani jirgin ya riga ya ƙi amsa wannan kira. Tambayar ƙarshen nan tana da dalili. An sha samun masu kira waɗanda in wani kamfani ya ƙi zuwa saboda hazo, sai su buga wa na gaba ba tare da sun gaya masa an ƙi ba.

Doka ta kuma yanke iyakar yanayi da adadi. Misali, ga mai tuƙi da ido da rana, a yankin da ya saba kuma ba mai duwatsu ba, dole gajimare ya kai ƙafa 800 daga ƙasa, kuma a iya hangen nisan mil 2. Da dare, ko a tafiya mai nisa, iyakar tana ƙara tsanani. Batun mai ma haka yake: dole ya ishe shi zuwa inda za shi, da rarar aƙalla minti 20.

Akwai wasu al'adu biyu na aikin da suka fi jan hankalina. Ta farko, a wurare da yawa ba a gaya wa matuƙi ko wane ne majiyyacin, ko yaya jikinsa yake, sai bayan ya yanke shawara. Dalili kuwa shi ne, mutumin da ya ji cewa jariri ne yake tsakanin rai da mutuwa zai ga hazon bai yi kauri sosai ba. Tausayi yana sauya yadda ido yake gani. Ta biyu, sai duk mutum ukun sun yarda ake tashi, amma mutum ɗaya ya isa ya soke tafiya, ko da shi ne ƙaramin cikinsu, kuma ko da an riga an tashi. Idan aka soke, majiyyaci zai tafi da motar asibiti. Masu iya magana na cewa garin neman gira akan rasa ido; jirgin da ya faɗi bai ceci kowa ba, sai ma ƙarin gawa uku.

Haɗarin da ya auku kusa da garin Mosby na jihar Missouri a watan Agusta na 2011 ya nuna muhimmancin wannan mataki. Matuƙin ya tashi da man da bai isa ba, kuma bincike ya gano yana ta aika saƙon waya na ƙashin kansa a lokacin aiki. Man ya ƙare saura kimanin mil ɗaya ya kai filin da zai sha mai. Shi da ma'aikatan lafiya biyu da majiyyaciyar duk suka mutu.

4.0 A Cikin Iska

Babban abokin gabar matuƙi shi ne shiga gajimare ko hazo ba shiri. Da zarar ido ya daina ganin ƙasa, gaɓar da ke cikin kunne mai kula da daidaiton jiki takan yaudari mutum, ya ji jirgi yana tafiya daidai alhali ya karkata ko yana gangarowa. Horon da ake ba su shi ne, matuƙi ya dogara da na'urorin da ke gabansa, ya daidaita jirgin, ya yi sama, ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage halin da yake ciki. Kuskure mafi muni shi ne ya yi ƙasa yana laluben inda zai sake ganin gari.

Abin da ya sami jirgin 'yan sandan Maryland mai lakabin Trooper 2 ke nan a daren 27 ga Satumba, 2008. Yanayi ya ɓaci, matuƙin ya gangaro da sauri domin ya fita daga hazo, jirgin ya faɗa cikin itatuwa. Mutum huɗu suka mutu, majiyyaciya ɗaya ta tsira. Bincike ya kuma nuna cewa bayanin yanayin da aka ba shi tsoho ne. Dokar 2014 ta tilasta sa na'urar da ke gargaɗin kusantar ƙasa ko tudu, da wadda ke auna tazarar jirgi daga ƙasa. Yawancin ma'aikatan kuma suna sa tabarau na ganin dare a jikin hular kwanonsu.

5.0 Wurin Sauka

Idan za a sauka a bakin titi ko a gona, masu agaji na ƙasa su ne suke shirya wuri. Abin da aka saba nema shi ne fili shimfiɗaɗɗe mai kimanin mita 30 a kowane gefe, wanda babu tarkace a cikinsa, domin iskar farfela tana iya ɗaga leda, kwano ko bargo ta jefa cikin injin ko a kan mutane. A busasshiyar ƙasa kuma ƙura takan turnuƙe ta rufe wa matuƙi ido daidai lokacin sauka. Wayoyin lantarki su ne suka fi ban tsoro, domin da wuya a gan su daga sama. Saboda haka matuƙi yakan zagaya wurin tukuna, ma'aikatan lafiya kuma su ajiye komai su leƙa ta taga suna neman turaku da wayoyi.

Ga mai tunkarar jirgi bayan ya sauka, ƙa'idojin su ne:

(a) Kada ya matso sai wani ma'aikacin jirgin ya yi masa alama.

(b) Ya zo ta inda matuƙi yake ganinsa, wato gaba ko gefe. Kada ya kuskura ya bi ta baya, domin ƙaramar farfelar wutsiya ba ta ganuwa idan tana juyawa.

(c) Idan wurin gangare ne, ya biyo ta ɓangaren ƙasa, domin ta ɓangaren tudu babbar farfela ta fi kusa da kai.

(d) Kada ya ɗaga komai sama da kansa, kada kuma ya bi hula ko takardar da iska ta kwashe.

(e) Da dare, kada a haska fitila a fuskar matuƙi.

6.0 Harshen Aiki

Duk waɗannan ƙa'idoji a kan magana suke tafiya. Lokacin tashi da lokacin sauka an hana hira. Abin da ya shafi lafiyar jirgi kaɗai ake faɗa. Wannan doka ta samo asali daga jiragen fasinja na Amurka a 1981. Wanda aka ba umarni ta rediyo yakan maimaita shi, domin mai bayarwa ya tabbatar an ji daidai. Haruffa ma suna da sunaye na musamman, kamar Alfa da Bravo, domin kada a rikita masu kama da juna a cikin ƙarar inji. Wajen nuna wuri kuwa fuskar agogo ake aro: ƙarfe 12 gaba ke nan, ƙarfe 3 dama, ƙarfe 9 hagu. Idan ma'aikacin jinya ya ce "Waya, ƙarfe biyu, ƙasa!" ya faɗi abin da ya gani, da inda yake, cikin daƙiƙa guda.

Ranar 29 ga Yuni, 2008, jirage biyu na ɗaukar marasa lafiya suka yi karo a sama da rana, suna shirin sauka a asibiti ɗaya a garin Flagstaff na jihar Arizona. Mutum bakwai suka mutu. Cikin abubuwan da NTSB ta ce sun taimaka wajen aukuwar haɗarin har da cewa ɗaya daga cikin matuƙan bai sanar da inda yake ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

A nan ne nake ganin darasi gare mu. Mun koya a aji cewa kara da kunya da sakaya zance suna cikin kyawawan ɗabi'un magana, kuma ƙarami ba ya katse babba. A cikin wannan jirgi kuwa ana horar da ƙarami ya katse babba, ya ambaci abin da ke damunsa kai tsaye, in ba a saurare shi ba ya sake faɗa da kakkausar murya. Idan ya ce a fasa sauka, matuƙi zai fasa tukuna, tambaya sai daga baya. Wannan misali ne na yadda muhallin magana yake sauya ma'anar ladabi.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga matakan aikin tun daga amsa kira, zuwa tafiya a sama, zuwa sauka, da kuma irin maganar da ke haɗa su. Mun ga cewa a haɗurran Mosby da Maryland da Flagstaff akwai bayanin da bai isa inda ya kamata ba, ko shawarar tsayawa da ba a yanke ba. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawarar mu gwada wani aiki a darasin fassara: kowa ya ɗauki ƙa'idoji biyar ɗin nan na tunkarar jirgi ya mayar da kowace zuwa umarnin da bai wuce kalma huɗu ba, wanda mai jin Hausa zai gane nan take a cikin ƙara da ƙura. Wanda ya gwada zai ga cewa gajarta magana ba tare da ma'ana ta zube ba aiki ne ja.