DARASI: Wa ke da alhakin rufin ajin ɗanka?



Duk shekara da damina ta kankama sai hotuna su cika Facebook: iska ta yaye rufin aji, yara zaune a ƙasa, malami tsaye babu ko kujera. A ƙarƙashin hoton kuma magana ɗaya ce, "gwamnati ba ta kyauta ba." To wace gwamnatin? Ta Abuja, ta jiha, ko ƙaramar hukuma? Wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kukansa a titi zai ƙare. Shi ya sa yau za mu bi sawun kuɗin makarantar firamare tun daga inda suke fitowa.

A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara 9 na farko, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Har hukunci ta tanada: uban da ya ƙi kai ɗansa a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Wanda kuma ya karɓi kuɗin makaranta a wannan mataki, shi ma ya yi laifi. Da yawanmu ba mu taɓa jin wannan ba.

Dokar ta umarci a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a danƙa wa hukumar UBEC. Kowace jiha tana da hukumarta, SUBEB, sannan kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi. Shi ne ke kusa da hedimastan unguwarku.

Ku lura da nan sosai, don a nan gizo ke saƙar. Babban kason kuɗin UBEC, wanda ake gina azuzuwa da sayen kujeru da shi, ba a miƙa wa jiha shi haka kawai. Sai jiha ta ajiye nata daidai da wanda za a ba ta, ta kuma gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi. Ka kawo naira, a ƙara maka naira. Ba ka kawo ba, rabonka ya yi ta zama a asusu. Hukumar da kanta ta sha fitowa tana kokawa cewa biliyoyin naira na nan jibge jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Kun ga ke nan, wani rufin da ake zagin Abuja a kansa, kuɗin gyaransa na can yana jiran sa hannun gwamna.

Kuma sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Majalisar dokokin jiha za ta iya amincewa da adadi mai daɗin ji, a yi tafi, shekara ta ƙare ba a saki rabinsa ba. Ɗan majalisarku aikinsa ke nan ya bibiya. Amma mu idan ya shigo gari, kuɗin cefane da na suna muke tambayarsa. Allah Ya kyauta.

Albashin malaman firamare kuwa ba daga wancan asusu yake fitowa ba, a mafi yawan jihohi daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Shi ya sa hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024, na a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya shafi malamin ɗanka fiye da yadda kake zato.

Yanzu mu sauko gida. Akwai kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC. Ba PTA ba ne fa, kada a haɗa su. PTA ta iyaye da malamai ce. Shi kuwa wannan kwamiti na unguwa ne gaba ɗaya: hedimasta, wakilin mai unguwa ko dagaci, malamin addini, wakilan mata, matasa, masu sana'ar hannu, tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran kansu. Aikinsu su tsara abin da makaranta ta fi buƙata, su sa ido kan zuwan malamai da yara, su bi gidajen da aka daina turo yara, su kai koke ofishin ilimi a rubuce. Wani lokaci ma tallafin gyara yakan shigo asusun kwamitin kai tsaye.

A wurare da yawa kwamitin suna ne kawai a takarda. An rubuta sunan liman da na wani attajiri saboda girmamawa, alhali 'ya'yansu duk suna makarantar kuɗi, shekara guda ba a yi zama ba. Ni a ganina wanda ba zai iya halartar zama ba, mutuncinsa shi ne ya ba wani kujerar. Ku sa birkila da kafinta a ciki, su ne za su kalli gini su ce bulon nan yashi ya yi masa yawa tun kafin ɗan kwangila ya karɓi sauran kuɗinsa. Ku sa iyaye mata, su suka san dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa, sau da yawa rashin banɗaki ne ba wani abu ba.

Don haka, ɗan uwa, ranar Litinin ka leƙa makarantar unguwarku cikin ladabi, ba da faɗa ba. Ka gaida hedimasta, ka tambaye shi su wane ne 'yan kwamiti, yaushe suka yi zaman ƙarshe, kuma ko an taɓa rubuta wa sakataren ilimi takarda kan rufin nan. Idan ba a rubuta ba, ku rubuta, ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi.