Gargaɗi Ga Masu Gonaki A Bakin Birni

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne al'amarin wani dattijo da ya zo ofishina bayan katafila ta riga ta share gonarsa ta gado. Tun da fari wasu ma'aikata ne suka je masa tare da mai unguwa, suka ce hukuma na bukatar wurin domin maslahar jama'a, wai makaranta za a gina; aka ƙirga mangwaro da ɗorawa, aka ƙiyasta gero da gyaɗar da ke tsaye, aka miƙa masa 'yan kuɗi, ya dangwala yatsa a takardar da ba wanda ya karanta masa. Kafin damina ta zagayo sai ga katanga, sai ga allon wani kamfani yana tallan gidaje, kuɗin fuloti guda ya ninka diyyar gonar baki ɗaya.

Na ce, "Baba, ina takardar sanarwar da aka ba ka?" Ya ce, "Barista, ni ba a ba ni kome ba, takardun da na gada ma wani yaro ya karɓe, ya ce ya san manya a ma'aikatar ƙasa." Wannan yaro, wanda ba lauya ba ne, ba safiyo ba, ya ci kuɗin akuyoyin dattijon, ya ɓata masa lokaci, sa'an nan ya yi layar zana. Irinsu sun cika harabar ma'aikatu, kuma abin takaici, jama'a sun fi amince musu.

Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, amma sashe na 28 bai halatta masa soke haƙƙin mutum ba sai domin maslahar da ta rinjayi ta mutum ɗaya ko saɓa sharuɗɗan takardar mallaka, kuma sai an isar da sanarwa kamar yadda sashe na 44 ya shimfiɗa. A shari'ar Osho ta 1991, Kotun Ƙoli ta yanke cewa karɓe wa wani don a bai wa wani ya yi harkar kansa ɓatacce ne, ko da yake lauyoyin hukuma kan fake da sunan raya birni. Malaman fiƙihu ma da suka yarda a ɗauki gida da ƙimarsa, hujjarsu ita ce yadda Sayyidina Umar ya faɗaɗa Masallacin Harami, ba ƙarin dukiyar attajiri ba. Abin da aka yi wa dattijon kuwa ƙwace ne.

Mun shigar da ƙara, amma hujjar farko da suka fitar ita ce wannan yatsa, kuma rabin magada sun riga sun karɓi nasu kason sun kashe.

Saboda haka, kada ka dangwala hannu sai lauya ya karanta. Sanarwar baki ba sanarwa ba ce, ko da hakimi ne ya kawo ta. Sashe na 29 bishiya da gini da amfanin gona yake biya, ba tsurar ƙasa ba, don haka ka ɗauki hoton kome tun kafin masu ƙiyasi su iso. Ka nemi takardar mallaka tun ana zaman lafiya. Magada su haɗa baki. Asalin takarda ba ta barin gida, kwafi ake bayarwa. Na sake faɗa: kada ka dangwala hannu, ko an ce kuɗin yau kaɗai za a raba.