Gidan Filta da Takardar da ke Cikinsa

Ɗana, tunda Allah Ya hore maka mota, Allah Ya sanya alheri Ya kuma tsare hanya, ba ni aron kunnenka a kan wani ƙaramin abu da nake ganin yana cinye kuɗin matasa ba gaira ba dalili, wato filta. Da yawa suna ɗauka abu guda ce, alhali kuwa a motoci da dama abu biyu ne: akwai gidan, wanda aka ƙera domin ya tsufa tare da motar, akwai kuma takarda mai ninki-ninki a cikinsa, wadda ita ke tare datti, ita kuma ake cirewa a yar. Kamar mai tace gasara ce, ƙyallen tata yakan mutu ta sake wani, amma ƙwaryar tana nan shekara da shekaru muddin ba a fasa ta ba.

Mu da muka saba da tsofaffin motoci, filtar baƙin mai gwangwanin ƙarfe ce, gida da takarda a haɗe, ranar juyen mai a kwance ta ɗungurungum a ɗaura sabuwa, kuma haka Corolla ta 2003 zuwa 2008 take. Amma da yawa daga cikin Corolla masu shigowa daga Amurka tun samfurin 2009, da Camry mai silinda shida tun 2007, murfi gare su da ake kwancewa a zare takardar kawai, kamar yadda Mercedes da BMW suka daɗe suna yi. Saboda haka kafin ka nufi Kofar Ruwa ko Panteka sayen filta, ka fara sanin wace iri motarka take ɗauka, domin mai shago abin da ka ambata zai miƙo maka.

A kan wannan murfi nake so ka natsu, ɗana, domin a nan ɓarnar take. Sau da yawa na roba ne mai tauri, yana da sifanarsa ta musamman mai kama da kofi, ta Toyota milimita 64 ce, kuma ɗaurinsa niyuton-mita 25 ne kawai, ɗauri mai sauƙi. Yaron gareji mai gaggawa, wanda ba shi da wannan sifana, sai ya sa masa guduma, ko ya ƙara bututu a hannun sifana ya ɗaure iya ƙarfinsa, yana ganin alheri yake yi maka. Ba ɗaurin ne ke hana yoyo ba, zoben robar da ke kewaye da murfin ne, shi ya sa filta ta kirki take zuwa da sabon zobe a kwalinta, a shafa masa ɗan mai a zaunar da shi a gurbinsa. Murfin da aka matse fiye da kima yakan tsage, tsagar da ido ba ya gani a gareji, sai kana tsakiyar hanya mai ya tsiyaye, jar fitila ta kama, in ba ka tsaya nan take ba inji ya buga. Akwai kuma wani bututu mai huji-huji a tsakiyar murfin, na gidan ne, kada a bari ya bi tsohuwar takarda zuwa bola, domin shi ke tallafe sabuwar kada mai ya murƙushe ta.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, idan takardar ta toshe, akwai ƴar ƙofa da ke buɗewa mai ya wuce ba tare da an tace shi ba, domin kada inji ya bushe. Motar za ta ci gaba da tafiya lafiya lau, kai kana murna ka yi tsimi, datti kuwa yana cin ƙarfe a hankali. Saboda haka duk juye a canza takarda, kuma ka guji ta jabu komai arharta.

Filtar iska ma haka take, kuma mu da hunturu ke rufe mu da ƙura mun fi kowa bukatar kula da ita. Ina yawan ganin akwatinta a fashe, maƙallansa sun karye an ɗaure da waya, mai motar kuwa yana ta sayen sabuwar takarda, alhali ƙurar ta gefe take bi ta shige inji, ta cinye ringi, mota ta fara shan mai tana hayaƙi. Takardar kuma, kakkaɓe ta a hankali ba laifi, amma hura mata iska mai ƙarfi yakan huda ta. Idan ka ɗaga ta a rana haske bai ratsa ba, ta gama aikinta.

Ba ina cewa ka raina bakanikenka ba, ɗana, sana'arsa ce kuma ya fi ka saninta. Ka dai tsaya kusa ranar juye, cikin ladabi ka roƙi a nuna maka tsohuwar takarda da tsohon zobe, kuma idan an tayar da inji ka yi haƙurin ƴan mintoci, ka leƙa ƙarƙashin murfin ko akwai ɗigo, sannan a kashe, a ɗan jira, a sake auna mai kafin ka hau titi.