Me Ya Sa Sanyin Hunturu Ke Ja Da Baya A Gaɓar Tekun Baltik?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya: da gaske ne sanyin hunturu ya yi sauƙi a biranen gaɓar teku na arewacin Turai, kuma sauyin yanayi ne sila?

To Malam, da gaske ne. Hunturun 2019 zuwa 2020 ya fi duk waɗanda suka gabace shi ɗumi a Turai tun da aka fara adana bayanai, in ji hukumar Copernicus ta Tarayyar Turai. A Helsinki, babban birnin Finland, inda aka saba yara su yi wasa a dusar ƙanƙara a Janairu, ruwan sama aka yi ta sha. Ƙanƙarar da ke rufe tekun Baltik ba ta wuce murabba'in kilomita 37,000 ba, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani.

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, iskar yamma mai ƙarfi ta yi ta kwaso ɗumin tekun Atlantika, domin ruwa ya fi ƙasa riƙe zafi. Wannan yakan zo ya wuce. Na biyu kuwa ya zauna daram: hayaƙin kwal, man fetur da gas ya ƙara wa duniya ɗumi da fiye da digiri 1 tun ƙarshen ƙarni na 19. Shi ya sa irin wannan hunturu ke yawaita.

Abin damuwa ne ƙwarai. Idan babu ƙanƙara, igiyar ruwa na cinye gaɓa, dabbobin ruwa da ke haihuwa a kan ƙanƙarar kuma su rasa matsuguni.