Cocin Mastara: Yadda Aka Ɗora Ƙubba Ba Tare Da Ginshiƙi Ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen zanen gine-gine da na injiniyan gini, ga tambaya: an ba ku ɗaki mai kusurwa huɗu, aka ce ku rufe shi da ƙubba mai faɗin fiye da mita 11. Babu rodi, babu siminti, kuma ba a yarda ku kafa ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba. Ta ina za ku fara? Magina a wani ƙauye na ƙasar Armeniya sun amsa wannan tambaya fiye da shekara 1,300 da suka wuce, kuma amsar tasu tana nan tsaye har yau.

Ina ne Mastara?

Armeniya ƙasa ce ta tsaunuka da ke tsakanin Turkiyya, Jojiya, Azarbaijan da Iran. Ana ɗaukarta a matsayin ƙasa ta farko da ta karɓi Kiristanci a hukumance, a shekarar 301 bisa lissafin gargajiyarsu. Wajen shekarar 405 kuma Mesrop Mashtots ya ƙirƙiro musu haruffansu, shi ya sa maginansu suka saba sassaƙa tarihi a jikin bango.

Mastara ƙauye ne a lardin Aragatsotn, kan hanyar da ta tashi daga Yerevan, babban birnin ƙasar, zuwa Gyumri. A tsakiyar gidajensa cocin Yohanna Mai Baftisma yake. Rubutun jikinsa ya ambaci wani mai ibada, Grigoras, a matsayin wanda ya gina shi, ya kuma ambaci bishop Teodoros na gidan Gnuni. Da wannan suna ne masana suke sanya ginin wajen tsakiyar ƙarni na 7, daidai lokacin da rundunonin Larabawa suka fara shiga ƙasar. Wato ba a zamanin kwanciyar hankali aka yi aikin ba.

Matsala ta farko: da'ira a kan murabba'i

Ku ɗauki ƙwarya ku kife a kan buɗaɗɗen akwati. Bakinta zai taɓa gefuna huɗu ne kawai, kusurwoyin nan huɗu su zauna wayam. To, haka ƙubba take a kan ɗaki mai kusurwa huɗu: a kusurwa ba ta da abin takawa.

Dabarar maginan Mastara ita ce su yi ta rage kaifin kusurwa mataki-mataki. A saman kowace kusurwa sun gina baka da ta haɗa bango da bango, mai rami a bayanta kamar rabin mazurari. Da wannan, gefe huɗu ya koma takwas. Sai suka maimaita da ƙananan bakuna a sama, takwas ta koma goma sha shida. Idan kun tuna darasin jiyometiri, yawan gefuna shi ke kusantar da siffa zuwa da'ira. Daga nan ƙubba ta samu wurin zama. Tsakaninta da bangon akwai wuya mai gefe takwas, an huda masa tagogi, haske na zubowa daga sama.

Matsala ta biyu: ƙubba tana tura bango

Nan ne da yawanmu ke tuntuɓe a jarrabawa. Nauyin ƙubba ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana kuma tura bangon waje. Dutse kuwa gwani ne wajen jure danniya, amma rago ne wajen jure ja. Idan babu abin da ya tokare bangon, a hankali zai buɗe, ƙubbar ta tsage, wata rana ta rufto.

Me suka yi? A tsakiyar kowane bango sun fitar da wani lungu mai siffar rabin da'ira, kusan irin mihrabin masallaci amma babba ƙwarai. Guda huɗu ne: gabas, yamma, kudu da arewa. Daga ciki suna ƙara wa masu ibada fili, na gabas kuma nan ne bagadi. Daga waje kuwa, aikinsu na tokara ne, kamar mutum huɗu da suka jingina kafaɗa da bango. Lanƙwasasshen bango ya fi miƙaƙƙe wuyar turewa. Ku gwada tsayar da takarda a miƙe, sannan ku lanƙwasa ta ku sake gwadawa.

Kun ga hikimar: abu ɗaya, aiki biyu. Ba a ƙara wani tokari na daban da zai cinye dutse a banza ba. Wannan tsari ya yi suna har masana tarihin gini suna kiran wasu coci-cocin da “samfurin Mastara”.

Bangon kansa

Dutsen da aka yi aiki da shi na tokar aman wuta ne, wanda ya cika ƙasar. Ba shi da nauyi sosai, kuma yana da sauƙin sassaƙa. Wanda ya kalli bangon zai ɗauka tubalan dutse ne zalla, amma ba haka ba ne. Fuska biyu ake jerawa ta sassaƙaƙƙen dutse, ciki da waje, sannan a cika tsakiya da fasassun duwatsu da kwaɓin farar ƙasa. Idan ya bushe, sai duka ya zama kamar dunƙule ɗaya. A taƙaice, duwatsun fuskar su ne katakon zubin kankare, sai dai su ba a cire su.

Me ya sa ya kai yau?

Armeniya ƙasar girgizar ƙasa ce. A ranar 7 ga Disamba 1988 girgizar Spitak ta kashe kimanin mutum 25,000. A Gyumri, wadda ake kira Leninakan a lokacin, benayen kankare na zamanin Tarayyar Sobiyet sun zube, kuma bincike ya nuna raunin mahaɗar sassansu da rashin ingancin aiki sun taimaka wajen haka. Mastara ba ta da nisa sosai daga can, kuma cocinta na nan.

Amma fa kada mu ce duk tsohon gini ya fi sabo. Zvartnots, babban coci na ƙarni na 7 wanda ya fi Mastara girma da ado nesa ba kusa ba, ya rushe tun ƙarni na 10. Abin da Mastara take da shi shi ne siffa a dunƙule, daidai ta kowane ɓangare, ga kuma gyara. Wani rubutu a bangon ya nuna an gyara shi a shekarar 891. A zamanin Sobiyet an hana ibada a ciki, aka mai da shi wurin ajiya na gonar gwamnati, sai a 1993 aka sake buɗe shi. Ƙasƙanci ne ga masu shi, amma ginin da ake shiga kullum ya fi wanda aka bar wa ruwa da ciyawa tsawon rai.

Abin da ya shafe mu

Ba baƙuwar matsala ba ce a wajenmu. Maginan Hausa ma sun rufe manyan soraye da bakan gizo da tulluwa, da azara da ƙasa, kamar yadda Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kayan aiki daban, tambaya ɗaya: ina nauyin nan yake bi har ya isa ƙasa?

Gobe-gobe mu ne za mu sa hannu a takardun gini, kuma duk mun sha jin labarin benen da ya rufta da mutane. Kwamfuta za ta yi mana lissafi, amma ba za ta tsaya gaban iyalan mamata ba. Don haka kafin ku miƙa zanen aikinku na ƙarshe, ku ɗauki fensir ku bi nauyin rufin daga sama har harsashi. Duk inda fensirin ya tsaya bai san hanya ba, to nan ginin zai fara tsagewa.